Jingar injiniyanci da hannu: daga karɓar tambaya zuwa miƙa takarda

A sashen injiniyanci jinga ba ta yankewa. Kana gama ta lissafi an ba da ta zane, kafin ka miƙa ta zane an liƙa ta lantarki a allon sanarwa. Kuma duk da kowa na riƙe da waya, akasarin malamanmu a nan Bauchi har yanzu rubutun hannu suke so. Ina bayansu a kan wannan. Jarrabawa da biro da fensir ake yin ta, hannun da bai saba jera lissafi a kan takarda ba kuwa ba zai koya a cikin awa uku na ɗakin jarrabawa ba. Makin jinga yana shiga cikin kaso talatin ko arba'in da ake tarawa kafin jarrabawa, gwargwadon tsarin kowane sashe. Tunda A daga 70 take farawa, B daga 60, C daga 50, maki biyar na jinga ɗaya su ne ke raba mai 57 da mai 62.

Abin da nake fara yi shi ne in kwafe tambayar da hannuna daga inda malam ya ba da ita, allo ne ko takarda. Hoton da ke yawo a rukunin aji na WhatsApp ya bi hannu da yawa, ya dusashe, wani lokaci an datse gefensa. A irin wannan hoton 10 kN/m kan koma 10 kN (kN kilonuton ne, ma'aunin ƙarfi), alhali na farko nauyi ne shimfiɗe a kan kowace mita, na biyu kuwa nauyi ne a wuri guda, kuma daga nan amsoshin sun rabu ke nan. Wasu malamai kuma suna ɗaura alƙaluman tambaya a kan lambobin ƙarshe na rajistar ɗalibi, ta yadda tsawon bim ɗinka, wato sandar da ke kwance tana ɗaukar nauyi a gini, ba zai zo daidai da na maƙwabcinka ba. A ranar nake tabbatar da ranar miƙawa da ƙarfe nawa, da wanda za a ba, da irin takardar da ake so. In malam bai faɗa ba, wakilin aji ya tambaya kafin a tashi.

Ga lissafi, fulsikab mai layi aka fi nema, wasu kuma A4 marar layi, mai milimita 210 da 297. In A4 ce nakan nemi mai giram 80, domin mai 70 rubutun baya yana leƙowa ta gaba. Ba na yago takarda daga tsakiyar littafin darasi. Biro shuɗi ko baƙi, mai busasshen baki. Ja na malam ne. Biro mai ruwa yana da daɗin rubutu, amma a zafin Maris da Afrilu gumin gefen hannu kawai ya isa ya shafe layi guda, shi ya sa nake sa wata 'yar takarda a ƙarƙashin hannuna. Sai fensir HB, rula, takardar giraf, da kalkuleta. Kafin in danna komai nakan gwada sin 30. In ta ba ni 0.5 tana kan digiri. In ta ba ni −0.988 to wani ya ara ya bar ta a kan radiyan, kuma duk abin da zan lissafa da kusurwa zai fito karkatacce ba tare da ta yi mini ko gargaɗi ba.

Ba na fara rubutu a takardar miƙawa. Sai na warware tambayar kaf a takardar banza tukuna. Bari in ɗauki tambaya irin wadda ake bayarwa a kwas ɗin ƙarfin kayan gini na aji biyu, domin a ga inda maki ke zuba.

Bim ne mai tsawon mita 6, an tokare shi a bakinsa biyu, A da B. Akwai nauyin 10 kN/m a shimfiɗe daga farko zuwa ƙarshe, sannan wani nauyin 20 kN a wuri guda, mita 2 daga A. Faɗin bim ɗin milimita 200, zurfinsa 400. Ana neman ƙarfin da kowane matokari ke ɗauka, da zanen shiya, wato ƙarfin da ke neman tsinke bim a tsaye, da zanen momen, wato ƙarfin da ke neman lanƙwasa shi, da matsi mafi girma da lanƙwasa ke jawowa.

Na fara da zanen bim ɗin shi kaɗai, an cire matokaran an sa kibiya a madadinsu, kowane nauyi da kibiyarsa da girmansa, kowane tsawo da alƙaluminsa. Wannan zanen yana da makinsa, kuma malam da shi yake fara gane ko ka fahimci tambayar. A ƙarƙashinsa na rubuta ƙa'idar alamar da zan bi: sama ƙari ne, momen ɗin da ke sa bim ya lotsa ƙasa ƙari ne. Littattafai sun sha bamban a nan, don haka ka faɗi taka a fili kuma ka tsaya a kanta har ƙarshe.

Ƙarfin da matokarin A ke ɗauka shi ne RA, na B kuma RB. Momen a kan A: RB × 6 = (10 × 6 × 3) + (20 × 2) = 220, wato RB = 36.67 kN. Jimillar nauyi 80 kN ce, saboda haka RA = 43.33 kN. Ba na wucewa sai na gwada ta ɗaya gefen: momen a kan B ya ba da RA × 6 = 180 + 80 = 260, a raba da 6 a samu 43.33. Layi ɗaya ne, amma in akwai kuskure a nan zai fito, tun bai bi ka cikin shafi uku ba.

Yanzu ga wurin da aka fi faɗuwa. Shiya ta tashi da 43.33 a A, tana raguwa da 10 a kowace mita, ta kai 23.33 dab da nauyin 20 kN, sai ta faɗo zuwa 3.33 bayan an wuce shi. Ba ta kai sifili ba. Mutane da yawa suna ɗauka momen mafi girma yana ƙarƙashin nauyin nan na wuri guda, su lissafa 66.67 kNm a mita 2 su ja layi biyu. Momen mafi girma yana inda shiya ta zama sifili, kuma sauran 3.33 ɗin nan sai an ƙara mita 0.333 kafin ya ƙare. Wurin shi ne mita 2.333 daga A, momen ɗin kuma 67.22 kNm. Tazarar ba ta kai ɗaya ba, amma ba tazarar malam yake dubawa ba, yana duba ko ka san dalilin da ya sa ake neman wurin.

Akwai kuma masu datse alƙalumi da wuri. Wanda ya mayar da 43.33 zuwa 43 tun a layi na biyu, in ya iso B zai tarar da 43 × 6 − 180 − 80 = −2, alhali momen a bakin bim irin wannan dole ya koma sifili. Zanensa ba zai rufe ba, sai ya ja layin da ƙarfi ya kai shi sifili, malam kuma yana gani. Ni nakan bar cikakken alƙalumin a cikin kalkuleta, sai a amsar ƙarshe nake datsewa zuwa lambobi uku ko huɗu masu ma'ana.

Matsin kuwa, wato σ, da dabarar σ = My/I ake samunsa: M momen ne, y rabin zurfin bim, I kuma daga faɗi b da zurfi d ake fitar da ita. I = bd³/12 = 200 × 400³/12 = 1.067 × 10⁹ mm⁴, y = 200 mm. Kafin a haɗa sai an mayar da kNm zuwa Nmm, wato a ninka da 10⁶, dubu na kilo da dubu na mita. Amsa ita ce 12.6 N/mm², daidai da 12.6 MPa. Wanda ya tuna dubu ɗaya ya manta ɗaya zai samu 0.0126. Wanda ya juya faɗi da zurfi, ya sa 200 a wurin da ake ninkawa sau uku, zai samu 25.2, ninki biyu cif. Shi ya sa nake rubuta ma'auni a kowane layi, ba a ƙarshe kaɗai ba. Lamba ba ma'auni a injiniyanci ba amsa ba ce, kuma akwai malaman da ba sa ba ta ko rabin maki.

Sai na gamsu da duk wannan sannan in ɗauko takarda mai kyau. Abin da nake sawa a raina a lokacin shi ne mutumin da zai duba. A kwasa-kwasan aji biyu da duk sassan injiniyanci ke haɗuwa, takardu ɗaruruwa ne a gabansa, yana da tsarin maki a gefe: kaza ga zane, kaza ga dabarar lissafi, kaza ga sa alƙaluma, kaza ga amsa. Abin da idonsa bai gani da sauri ba, bai ba shi maki ba. Don haka nake barin gefen hagu kamar santimita biyu da rabi babu komai, in rubuta lambar tambaya a can. Kowace tambaya da sabon shafinta. Abin da aka bayar a sama, abin da ake nema a ƙarƙashinsa, sai zane, sai dabarar da haruffanta kafin a zuba lambobi. Wannan na ƙarshen yana da amfani ƙwarai: in ka rubuta σ = My/I sannan ka yi kuskure wajen dannawa, makin dabara naka ne; in lambobi kawai ka zuba, babu abin da za a kama a ba ka. Alamar daidai tana sauka a ƙarƙashin 'yar'uwarta, mataki ɗaya a layi ɗaya, lissafi yana gangarowa ƙasa, ba ya tafiya gefe yana lanƙwasowa ta bakin takarda. Amsa a ja mata layi biyu.

Rubutu ba sai ya yi kyau kamar na mai rubutun allo ba, amma a iya bambanta 1 da 7, 5 da harafin S, 2 da Z, sifili da 6. Ƙananan haruffan da ke ƙasan RA da RB su sauka ƙasa sosai, masu hawa sama kamar ³ su hau sosai. M babba mega ce, m ƙarama mili ce, tsakaninsu ninki biliyan ne. In kuskure ya faru, layi ɗaya a kai ya isa, a rubuta daidai a gaba. Farin ruwan gogewa yana ɓamɓarewa, kuma yana sa a yi zargin an canza amsa bayan an ga ta wani. In gyara ya yi yawa a shafi, sabon shafi ya fi.

Zanen shiya da na momen a takardar giraf nake yi, da fensir, a jere a ƙarƙashin zanen bim, duk da sikeli ɗaya a tsawo don kowane wuri ya faɗo a kan ɗan'uwansa. Santimita 1 ga rabin mita ya ba da santimita 12, ya zauna daidai. A tsaye kuma santimita 1 ga 10 kN. Sikeli a kan 1, 2 ko 5 ake ɗora shi. Wanda ya zaɓi 3 ko 7 zai wuni yana rabe-raben ƙananan gidaje. Tunda nauyin shimfiɗe ne, layin momen lanƙwasasshe ne, ba a haɗa shi da rula. Nakan lissafa a kowace mita: 38.33, 66.67, 65.00, 53.33, 31.67, sifili, in ƙara 67.22 a wurinsa, sannan in haɗa ɗigon da robar lanƙwasa.

Jingar zanen injiniyanci ita kuma wata duniya ce, a kan A3 mai milimita 297 da 420. Ana kafe takardar a allon zane da salatif na takarda a kusurwa huɗu, bayan an daidaita bakinta da rular T. Salatif mai ƙyalli yana yage fuskar takarda in an zo cirewa, fil kuma yana huda allo. Iyaka milimita 20 a hagu, 10 a sauran gefe uku, akwatin suna a ƙasa ta dama. Layukan share fage da fensir 2H, a hankali yadda da ƙyar za a gan su. Layukan jikin abu da HB, a ƙarshe, daga sama zuwa ƙasa don kada hannu ya bi ta kan abin da aka gama. Da hunturu ƙura tana sauka a kan takarda ko taga na rufe, ta haɗu da garin fensir a ƙarƙashin rula, sai ka ga farar takarda ta koma toka-toka. Ƙyalle mai tsabta a gefe, a riƙa goge rular T da kusurwoyin roba a kai a kai, fensir kuma a feƙe shi nesa da allo. A duba ko tsarin kusurwa ta ɗaya aka ce ko ta uku: a ta ɗaya hoton sama yana ƙarƙashin hoton gaba, a ta uku yana bisansa, kuma dole a zana alamar tsarin a akwatin suna. Awon da ake rubutawa na ainihin abin ne, ko da an rage zanen da sikelin 1:2. Ba a ninke takardar zane sai malam ya ce. A naɗe ta ko a sa ta a faffaɗan fayil.

Game da yin aiki tare, ban ga laifin a zauna a masallacin sashe ko a ƙarƙashin bishiya a warware tambaya ba, a nan ma aka fi ganewa. Amma rubutun ƙarshe kowa ya koma ɗakinsa ya yi nasa. Mai kwafa ba ya iya tace kuskure, yana ɗauke shi yadda yake, kuma in malam ya ga 7 ta koma 1 a layi ɗaya a takardu goma sha biyu, da mai asali da masu kwafa duka za su kwana da sifili. Amsoshin intanet kuma da yawansu daga littattafan Amurka suke, da ƙafa da inci da fam, ko da wata ƙa'idar alama dabam da ta aji.

Shafin farko yana ɗauke da suna, lambar rajista, sashe, aji, lambar kwas da sunansa, lambar jingar, sunan malam da kwanan wata. Lambar rajista ita ce mafi muhimmanci, domin da ita ake shigar da maki, kuma a aji ɗaya za ka samu masu suna iri ɗaya sak. Nakan maimaita ta a saman kowane shafi tare da lambar shafin, 1/5, 2/5, har ƙarshe. A danne da sitefila a kusurwar hagu ta sama, a karkace, don shafi ya buɗu bai yage ba. Dabarar nan ta lanƙwasa kusurwa a ɗan yaga a murɗe ba ta kai takarda ofis. A cikin tarin da ake ɗauka a hammata shafin ƙarshe ne ke fara zamewa, shi ne kuma mai ɗauke da amsa.

Kafin takarda ta bar hannuna sai na ɗauki hoton kowane shafi, har da na farko. Minti biyu ne. Sannan in sa ta a fayil na roba, musamman da damina, ko in za a shiga keke Napep a matse da mutane.

Nakan miƙa kwana ɗaya kafin wa'adi in an yarda, in ba haka ba da sassafe. Wanda ke zaune a Yelwa ko Gwallameji ko cikin gari, ko wanda darasinsa ya faɗo a harabar jami'a da ke Gubi, ya san abin hawa ba shi da tabbas. In wa'adin Juma'a ne, ka ɗauka ƙarfe goma sha biyu ya ƙare, domin ana tashi masallaci ba lalle a dawo ofis ba. Yawanci wakilin aji ne ke tarawa. Ya kamata ya zo da jerin sunaye, kowa ya sa hannu a gaban lambarsa lokacin da ya miƙa, ya ƙirga takardu ya ga sun yi daidai da sa hannu kafin ya kai. In bai zo da jeri ba, a yago takarda a yi a wurin, kuma nakan ɗauki hoton layin da na sa hannu. Ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare shi shi ma, domin ranar da takarda ta ɓata shi za a fara tuhuma. Ba na ba wani ya miƙa mini, ba na tura takarda ta ƙarƙashin ƙofar ofis, ba na ajiyewa a teburin da babu kowa. In da kaina zan kai, sai in yi sallama, in ce, "Malam, barka da rana, jingar kwas kaza ce na kawo," in miƙa da hannu biyu, in tambaya ko akwai inda zan sa hannu. Wanda rashin lafiya ko rasuwa ta tare shi, ya sanar kafin wa'adi ta hannun wakilin aji, ya zo da takardar asibiti in akwai. Uzurin da aka kawo bayan an gama dubawa da wuya ya karɓu.

Wasu malamai yanzu sukan ce a rubuta da hannu amma a turo ta waya. A nan manhajar sikanin kamar Adobe Scan ko CamScanner ake amfani da ita, a haɗa shafuka a jere cikin PDF ɗaya. A shimfiɗa takarda kusa da taga da rana, waya a miƙe a bisanta, kada inuwar hannu ta faɗo. Layin 2H ba ya fitowa sosai a hoto, don haka a ƙara danna abin da ake so a gani da HB. Sunan fayil ya zama lambar rajista da lambar kwas. In ta WhatsApp ne, a tura a matsayin fayil, domin in aka tura a matsayin hoto yana matse shi har ƙananan lambobi su narke. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB, shafin makaranta kuma sau da yawa iyakarsa ba ta kai haka ba. Bayan turawa nakan buɗe abin da ya tafi in karanta shi shafi-shafi, in adana hoton shaidar turawa, ita kuma takardar asali in ajiye, don ana iya cewa a kawo ta.

Ranar da aka dawo da takardu, jan biron nake bi tukuna kafin in kalli jimilla: ina aka cire, don me. Sai in tara makin da kaina, domin mai duba ɗaruruwan takardu yana iya tsallake shafi wajen haɗawa. In akwai gyara, a cikin makon nake zuwa, da takardar a hannu, in nuna shafin da layin, in ce, "Malam, don Allah a taimaka a sake duba mini nan." Takardun da aka duba kuma ina tara su a fayil ɗaya, kowane kwas da nasa, har sai an liƙa sakamakon zangon na ga makin ya shiga daidai a gaban lambata. In bai shiga ba, wannan takardar mai jan biro ita ce za a nema a ofishin jami'in jarrabawa na sashe.